Ƙungiyar Hoki Ta Kunyata Ni a Gaban Surukina

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, ina gaishe ka da masu saurare. Sunana Sani, direban bas, daga unguwar Soundview a nan ƙasar waje.

Shekara uku ke nan ina goyon bayan wata ƙungiyar hoki ta garin nan, wasan da ake yi da sanda a kan ƙanƙara. Bana kam ban taɓa ganin taron ragwaye irinsu ba. Mai tsaron ragarmu kamar an ɗauke shi aikin buɗe wa baƙi ƙofa. Kocin kuma kullum aka lallasa su sai ya fito talabijin ba kunya, wai yaran sun yi ƙoƙari.

Duk da haka, da surukina ya zo daga Kano ganin jikoki, na cika masa baki, na kai shi kallo ranar Lahadi. Kafin ya gyara zama an zura mana biyu. 'Yan wasanmu suka bar wasa suka koma dambe, damben ma aka kayar da su. Dattijo yana rawar sanyi ya ce, "Sani, waɗannan da ake ta jibga, su ne naka?" Na ce, "Su ne, Baba." Aka tashi wasa muka koma gida.

Yanzu ya koma Kano, duk wanda ya tambaye shi labarina sai ya ce, "Yaron kirki ne, sai dai bai iya zaɓe ba." Matata ta ji, ta tsare ni wai ko har da ita Baba yake nufi.

Jama'a, ku ba ni shawara, me zan ce mata?