Muhuyi da Gurbin Zuwa Kuba

Muhuyi ya ci amanar maƙwabcinsa, kuma daga bakinsa na ji. A bencin mai hoto ne a Zango, yana hira da wani dattijo da bai sani ba.

"Hoton fasfo, ɗana? Makka za ka?"

"Kuba, Baba. Tsibiri ne can bayan teku. Gwamnati za ta tura mutum ɗaya daga unguwarmu koyon noman rake."

"Kai aka zaɓa?"

"Maƙwabcina Mansir suka zaɓa, ni na biyu. Mansir mai facin taya! Wai don yana jin Faransanci. Har ya sayo akwati a kasuwar Dantokpa, ko'ina ya bi sai 'Kamarad Kuba, Kamarad Kuba.' Wallahi abinci ya daina shiga mini."

"To, ya aka yi?"

"Na aika wa kwamitin unguwa wasiƙa ba suna. Na ce ba ɗan ƙasa ba ne, haifaffen Sakkwato ne, takardar haihuwarsa ta bogi ce. Yanzu gurbin nawa ne."

"Kai ya ka sani?"

"Haba, Baba! Wurin mutum ɗaya muka yi takardun, rana ɗaya."

"Rana ɗaya? Lambobin takardunku na bin juna ke nan. In sun buɗe littafin rajistar haihuwa, sunan wa ke ƙarƙashin nasa?"



Kwamiti ya buɗe littafin. Aka soke sunan Muhuyi, aka rufe rumfar da yake sana'a, jandarmomi suka kai shi iyakar Najeriya suka sauke shi.