Madubin Babarmu

A ɗakin jiran likitan haƙori, wata dattijuwa ta leƙa littafin ɗalibar da ke gefenta.

"'Yata, me kike karantawa haka?"

"Na jarrabawa ne, Mama. A garin masu tsananin addini wani ya ɓoye zunubinsa, aka hukunta wani daban. Shekara goma abin yana cin sa."

"Rago! Ni shekara arba'in da biyu ke nan da na fasa madubin babarmu aka zane yayana, ga ni garau."

"Garau, amma kina ƙirga shekarun? Kin gaya masa?"

"Ina! Yana ciki ana cire masa haƙori." Ta dubi ƙofar ɗakin likitan. "Auduga ake cusa musu a baki, ko?"

"Sosai."

"To, yau zan tuba."