Diyyar Wata

Kuɗin motata akuya ce. Akuyar kakarku Hajo, wadda ta zo da ita daga gidansu, ita na ja zuwa kasuwar Gazawa, rabin hanya ma a kafaɗa na ɗauke ta. Dillali ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Fata ka kawo ko akuya?" Na ce ya saya yadda ya ganta. Ɗan abin da ya ba ni Hajo ta ɗinke mini shi a ƙugun wando, tana ɗinki tana kuka, ga ciki ya fito. Shekarun fari ne, damina ta yi ta yi mana ƙarya, rumbu ya koma ɗakin ɓera, daga baya ɓeran ma ya yi ƙaura.

Kai Nafi'u, kashe wayar nan tukun. Tun ɗazu kake nuna wa ƙannenka wani mai gemu yana rantsuwa wai Amurkawa ba su taɓa zuwa wata ba, a ɗaki aka ɗauki hoton. Kana ganin sabon ilimi ka samo. Maganar nan ta girmi uwarka, kuma saura kaɗan ta kashe ta. Zauna.

Babana sunansa Ibro, amma duk ƙauyenmu Ban-Yarda ake ce masa. Ba a banza ya sami sunan ba. Zamanin gyaɗa ya taɓa kama masu awon Nasara da sikeli mai cin buhu, tun daga ranar ko Nasara ya ce masa wuta da zafi sai ya sa hannu. To da aka yi ta shela a rediyo cewa an sauka kan wata, malamin lakol, wato makarantar boko, ya kawo hoton jarida yana nuna wa mutane a gindin gawo. Baba ya karɓa, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Wanga ai dajin Agadas ne. Mutum ya sa tukunya a ka, ku kuna tafi. Ina taurari? Mi ke kaɗa tuta in babu iska? Silima ce." Mutane suka yi dariya, shi ko ya ɗauki dariyar nan ya rataya a wuya kamar laya. A lokacin abin bai dami kowa ba, gardamar mai ƙoshi ce.

Ni dai na bi motar shanu har Ikko, wadda kuke ce wa Legas. Abin da ya fara ba ni haushi a garin nan ruwa ne. Ruwa gabas, ruwa kudu, ruwa yana zubowa daga sama yana bin kwata babu mai kallonsa. Ranar da na fara ganin haka sai da na zauna bakin hanya na yi hawaye, don na tuna gonarmu. Na kama ɗaki wajen wata tsohuwa da ake ce wa Iya, mu da yawa a ciki, in ɗaya zai juya sai ya yi sallama. Wata safiya ta tare ni.

"Malam, kuɗin ruwa."

"Wane ruwa, Iya? Na sama na tara a bokiti."

"Ta kan rufin wa ya biyo?"

Na biya. Matar nan da ta san yadda za ta sa wa farin wata haya, da ta sa.

Aiki na samu a shagon wani mai ɗaukar hoto, Bayerabe, muna ce masa Oga. Ya yi zaman Zariya, Hausarsa tana ɗingishi amma tana isa inda za ta. Aikina jan labule, riƙe fitila, da shara. Ranar farko ya zaunar da wani mutum, ya shiga cikin baƙin ƙyallen na'urarsa, ya yi ihu, "Isma'il!" Mutumin ya washe baki. Na gaba ya zauna, "Isma'il!" Har wata mata mai goyo, ita ma Isma'il. Da yamma na ce, "Oga, garin nan babu wani suna ne?" Ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Ashe Turancin a yi murmushi ne yake yi.

Sana'armu, in gaya muku gaskiya, ƙarya ce ta halas. Muna da labule mai zanen jirgin sama, da mai gidan bene, da mai doguwar mota. Muna da agogon da bai taɓa tafiya ba, da rediyo marar ciki, da kwat ɗaya tilo. Ɗan ci-rani zai shigo da yagaggen wando, ya fita da hoto yana jingine da mota kamar minista, ya aika gida. Amma ko sau ɗaya ƙaryar nan ba ta kwana ba. Tsallaken titi akwai wani mai hoton, mutumin Gana, ana ce masa Masta, shi da Oga ko ga maciji. Da zarar mutum ya fito daga shagonmu sai Masta ya leƙo ya ce, "Agogon nan, jiya a hannun mai dako yake." In Masta bai faɗa ba, mai zanen labulen zai faɗa in ya sha giyarsa. In shi bai faɗa ba, matar Oga za ta faɗa a kasuwa.

Wata rana Oga ya tashi da dabara: zai kai mutane wata. Ya sa aka zana baƙin labule, muka ɗebo yashi daga bakin teku, ya samo hular babur da farar rigar makanike. Wani Bazabarme mai gadi shi ya fara biya. Da hoto ya fito, sai ga mutum ɗaya da inuwa biyu, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, ga kuma ƙadangare maƙale a saman labulen yana kallonsa. Kafin la'asar Masta ya gaya wa titin kaf cewa a watan Oga akwai ƙadangaru. Bazabarmen ya dawo da kulki, ni na sha shi a gadon baya, don Oga ya shige ɗakin wankin hoto ya kulle.

Ana cikin haka, bazara ta kama, sai ga Ɗan Juma, mutumin ƙauyenmu, ya iso Ikko, wuyansa kamar kara. Ya ce mini Hajo ta sauka, an sami ɗiya. Ban gama murna ba ya ce, "Amma nono ya ƙafe. Anza suke ci." Ku ba ku san anza ba, Allah kada Ya sa ku san ta. Ƴaƴan wani icce ne masu ɗaci, sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin ciki ya karɓa.

Na ce, "Ba an ce an kawo taimakon abinci ba?"

Ya ce an kawo, jar dawa ce daga Amurka, ana rabawa a ƙofar mai gari, kuma maigida ake kira da sunansa ya karɓa wa gidansa. An kira Baba ya ƙi fita. Ya ce mutanen da suka yi wata da ƙyalle za su iya yin dawa da komi, ba za ta shiga gidansa ba. Ya faɗa gaban jama'a, kuma Ban-Yarda ba ya mayar da magana. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Abin da na tara, ko duka na zuba a garin rogo, ba zai kai gidanmu ga sabon hatsi ba.

Na shiga wajen Oga na ce, "Tsakaninka da Allah, kai da ka san ƙaryar hoto ciki da waje, mutanen nan sun je ko ba su je ba?"

Ya ɗauko wata mujalla, ya buɗe, ya sa yatsa. "Malam, ka duba. Inuwa nawa?"

"Ɗaya."

"Namu nawa?"

"Biyu."

"Fitila biyu, inuwa biyu. Fili mai girma haka, fitila nawa za ka sa? Amma kowa inuwarsa ɗaya. Rana ce."

Na ce taurari fa? Ya ce in tsaya gaban fitilar mai tsire in ɗaga kai in gani ko zan ƙirga tauraro. Na'ura ma haka take, in ta buɗe ido don farar riga cikin rana, ƙaramin haske ba ya shiga. Tuta kuwa ya nuna mini sanda a samanta, an zura ta kamar yadda muke zura labule. Sannan ya ja ni ƙofa ya nuna tsallaken titi.

"Amurka da Rasha, ni da Masta ne. Rasha tana da na'urar bin jirgi, tana kallo tun daga tashi. Da ƙarya ne, za ta yi shiru? Mu uku ƙadangare ɗaya ya gagare mu ɓoyewa. Su dubbai ne, kowa da matarsa."

Ya yage shafin ya ba ni, ya cire kuɗinsa daga albashina. Oga ke nan.

Na iso gida da ɗan buhun gari da takardar nan. Ban gane Hajo ba sai da ta yi magana. Jaririyar kuwa ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi, sai ta buɗe baki ta rufe. Na fita na sami Baba a zaure yana tufka igiya, Inna tana zaune gefe. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo da magana. Na yi masa ta inuwa, ya ce inuwa ba shaida ba ce. Na yi ta taurari, ya yi tsaki. Na yi ta tuta, ya ce, "Birni ya koya maka surutu." Sai na ba shi labarin Oga da Masta da ƙadangare. A nan hannunsa ya tsaya kan igiya.

"Su waɗanga Rasha, gaba suke da su ta gaske?"

"Ta kisa, Baba."

"Kuma ba su ce ƙarya ne ba?"

"Ko uffan."

Ya ajiye igiyar. Shi ma yana da nasa Mastan, wani maƙwabcin gona da suka shekara da shekaru suna rigimar iyaka, ya san abin da maƙiyi ke yi in ya kama ka. Can ya ce, "To sun je." Na ji kamar an sauke mini dutse. Sai ya miƙo hannu ya karɓi hoton, ya ƙura masa ido.

"Wanga mi ne a ƙasa?"

"Sawun takalmi ne."

"Da takalmi suka taka shi? Watan da muke duba mu ɗauki azumi?" Ya fara lissafi da yatsu, idonsa yana girma. "Kai! Ashe su ne! Tun da suka hau, ruwa ya ɗauke. Sun je sun taɓa abin da ba a taɓawa, sun jawo muna fari, shi ya sa suke aiko da dawa a sace-sace ba su faɗi dalili ba. Wanga ba sadaka ba ce. Diyya ce!"

Na buɗe baki zan ce masa ba haka ba ne, ruwa ya fara wasa da mu tun kafin su tafi, shi da kansa ya sha ba mu labarin yunwar ƙuruciyarsa lokacin da ko keke Nasara bai kawo garinmu ba. Ban kai ga furtawa ba Inna ta ɗora tafin ƙafarta kan yatsuna ta danna, tana kallon wani wajen. Cikin haƙora ta ce, "Sallau, rufe mini baki."

Na rufe.

Baba ya sa babbar rigarsa ya ce in ɗauko jakin maƙwabta. Ya isa ƙofar mai gari yana taku kamar wanda ya ci shari'a, ya karɓi rabonmu, ya ɗaga buhun ya jijjiga, ya ce wa mai rabo, "Ka gaya musu wanga bai kai ba. Wata guda suka ɓata." A hanya duk wanda ya tsokane shi cewa Ban-Yarda ya yarda, sai ya ce shi bai karɓi kyautar kowa ba, hakkinsa ya amso. Wasu gidaje biyu da suka bi shi wajen ƙi, su ma suka bi shi wajen amsar diyya.

Dawar nan ba daɗi, tuwonta ja ne, yana tsayawa a wuya. Amma Inna ta yi wa Hajo kunu da ita safe da yamma, nono ya dawo, ranar da jaririyar ta tsala kukan da ya tashi kaji ban san sanda na yi dariya ba. Uwarku Rabi ke nan. Shi ya sa har yau tsofaffin garin nan suke ce mata Diyya, ku kuna zaton ɗiya suke cewa.

Baba har ya rasu yana kan bakansa. Da wani farin ya sake zuwa bayan shekaru, na ce masa ai yanzu babu mai zuwa wata, sai ya ce a ɓoye suke komawa. Mutumin da ya ce ba su je ba ko sau ɗaya, ya koma cewa kullum suna can. Ni ko na dawo daga Ikko ba agogo ba rediyo, ko akuyar Hajo sai bayan damina biyu na mayar mata.

To Nafi'u, ka ji. Sun je wata, wannan na faɗa wa babana. Kuma ba su suka ɗauke mana ruwa ba, wannan ban faɗa masa ba, don uwarka tana jin yunwa. Kai nake faɗa wa, tunda ka ci tuwo ka ƙoshi.