Wai Ba A Ƙirga Ɗiya

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Hajo ce daga Karakkai.

Da bazarar nan nakan jera ƙananan yaran gidanmu a gindin tsamiya, kowa ya yi tsalle ya faɗi lambarsa, ɗaya har goma. Jiya surukata ta fito da faɗa: "Ba a ƙirga ɗiya, raguwa suke yi! Tun Nasara na ƙirga kawuna iyayenmu suka hana."

Na durƙusa na ce, "Inna, Nasara haraji yake nema, ni karatu. Tun da na fara, tuwo kaɗai ke raguwa a gidan nan."

Ba zan daina ba. Masu sauraro, wanda ƙirge ya taɓa cinye wa ɗa, ya faɗa mu ji.

Ina gaida Inna. In ta fito gobe, ita ce sha ɗaya.