Muryoyin da Mele Bai Fitar Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da gida. In na saɓa tsarin gaisuwa a yi mini uzuri, wanda ya daɗe a baƙunta har ladabinsa yakan gaji.

Ranka ya daɗe Mai Unguwar Rumde. Allah ya gafarta Modibbo Bobboyi, limaminmu. Shugaban ƙungiyar 'yan Borno mazauna Jimeta. Ya Kellumi, uwar gidan nan. Fa'iz da Zahra, 'ya'yan marigayi. Jama'a, assalamu alaikum.

Motar shanu ɗaya ta kawo mu garin nan, ni da marigayi Mele, bayan an ƙone ƙauyenmu. Kowa ya ɗauko abin da hannunsa ya kai: tabarma, tukunya, jariri. Mele ya ɗauko rikoda. Mun yi masa dariya a hanya, dariyar mutanen da ba su da sauran abin dariya.

Ya kasance mai neman halaliyarsa. Ya kama ɗan shago a kasuwar Jimeta yana tura wa mutane karatu da waƙoƙi a waya, da shi ya ciyar da gidan nan, da shi ya ciyar da wasunmu da ba zan ambata ba.

Ya kasance mai bin tsofaffinmu. In ya rufe shago sai ya hau keke ya nufi duk inda ya ji an ce akwai ɗan garinmu, Yola Gari ne ko bayan gari, ya ajiye rikoda a gabansa. Waƙoƙin daka, waƙoƙin kai amarya, sunayen rijiyoyi, gonar wa ta yi iyaka da ta wa, wa aka binne a gindin wace tsamiya. Masu fararen motoci ma sun zo sun ɗauki labarinmu, suka tafi da shi, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ba na zaginsu, sun kawo shinkafa, mun ci. Amma Mele don mu ya ɗauka. Yawancin tsofaffin nan yanzu suna ƙarƙashin ƙasar Adamawa.

Kuma ya kasance mai taurin kai. Zan faɗa, don bai san ni da ƙarya ba. Duk abin da ya ɗauka yana cikin kwamfutarsa a matsayin aikin da ba a gama gyarawa ba, wanda waya ba ta iya buɗewa. Sai an matse shi an mayar da shi MP3 kowa zai iya ji. Na bi shi har bakina ya gaji.

"Mele, ka matse su ka tura mana mana."

"Kai Bukar, ka san me matsewa ke yi? Kamar cusa kaya ne a buhu, abin da bai shiga ba a yar. Tarin tsohuwa, numfashinta, duk su tafi."

"To tarin za mu jiƙa mu sha?"

"Kai dai jahili ne. Bari in gama gyara."

Bai gama ba. Zazzaɓi ya riga shi.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Da aka zo rabon gado, Modibbo ya raba bisa shari'a, bai zalunci kowa ba, ina wurin. Kwamfutar ta faɗa rabon Fa'iz. Ɗan baƙin akwatin nan da Mele ke jona wa kwamfutar da igiyar waya ya faɗa rabon Zahra, ta tafi da shi gidan mijinta a Mubi. Babu wanda ya sani a cikinmu cewa abu ɗaya aka raba biyu.

Na ari kwamfutar na kai wa Absalom, mai gyara, maƙwabcin shagon Mele, ga shi can zaune a baya. Ya buɗe. Sunayen tsofaffinmu na nan jere. Ya danna na farko, shiru. Na biyu, shiru. Ya ce, "Baba, murya ba ya nan fa. Wannan awo ne kawai, inda za a yanke, inda za a ƙara ƙarfi. Yadin yana wancan akwati." Awo a Rumde, yadi a Mubi.

Fa'iz, na san za ka koma makaranta, na san kana so a goge kwamfutar ka yi karatu da ita. Haƙƙinka ne. Zahra, na san mijinki Usaid ya fara zuba finafinai a akwatin, bai san me ke ciki ba, ba laifinsa ba ne. Amma kin ce yana ƙara ƙas-ƙas in an jona shi, Absalom kuwa ya ce wannan kukan mutuwa ne. Kowannenku ya ce mini ɗan'uwansa ne zai kawo masa nasa. Kai ka ce kai ne namiji, ke kin ce ke ce babba. Duk kun yi gaskiya. Akwatin dai ba zai jira ku shirya ba.

Ya Kellumi, ke kika haife su. Ban ce kowa ya saki gadonsa ba. A ɗora su kan tebur ɗaya a shagon Absalom na mako guda, a matse, a tura wa kowa a waya, kowa ya ɗauki kayansa. Tarin ya tafi, na yarda, Mele ya yafe mana. In ba haka ba, ranar da hanya ta buɗe, za mu koma da yaran da ba su san ko sunan rijiyar gidansu ba. Ni tsoho ne, amma in durƙusawa ake so, ga gwiwoyina.

Mun gode wa mutanen Rumde da suka ba mu masauki da makwanci. Allah ya jiƙan Mele, ya yalwata kabarinsa, ya sanyaya zukatan iyalinsa, ya mayar da mu gida ko ya mayar da 'ya'yanmu.

Ɗan abin da muka samu da muryarsa a cikin kwamfutar, muka matse, yana wayata ga mai so: waƙar daka uku, kiran sallar ladaninmu ɗaya, da rabin hirar wata tsohuwa da har yanzu ba mu gano ko wace ce ba.