Jitar da Na Saka Cikin Fiyano da Yatsa Ɗaya

Salama ta Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Sunana Bitrus, ma'aikacin ofishin gona ne ni a nan Gumel. Shekara goma sha biyu ni ne mai kaɗa jita a wannan ikkilisiya, kuma ina ji da kaina, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar wata kasuwar Maigatari, ina dawowa a babur, raƙumi ya faɗo mini kan titi. Na tsira da raina, amma yatsu uku na hannun hagu sun sandare. Hannun da ke danne tsirkiya ke nan!

Na gwada, na sake gwadawa, har na yi jifa da jitar bayan gado. Na daina zuwa sujada, don ba zan iya zama a benci ina jin waƙa ba jita ba. Daga ofis sai mashaya. Wata takwas ina cikin kwalba. Matata Rifkatu ta yi kuka har ta gaji. Na ce mata, "Allah ya karɓe abin da ya ba ni, me zan je in yi masa?"

Ana nan wani ɗan'uwa ɗan kasuwa ya kawo wa coci fiyanon lantarki daga Damagaram, irin wanda ake saka masa kiɗa ya riƙe. Littafin bayaninsa da Faransanci, ba mai iya karantawa. Fasto ya ɗauko shi da kansa har gidana, ya same ni ina warin giya.

"Ɗan'uwa Bitrus, an ce akwai muryar jita a ciki. Nemo mana ita."

Na laluba na samo. Na danna maɓallai uku tare da hannun dama, na saka kiɗan waƙa guda, na kai wurin koyon waƙar zumuntar mata. Mama Saratu, shugabarsu, wadda idonta ya mutu tun da daɗewa, ta ɗaga hannu.

"Ku kashe abin nan. Wannan ba jita ba ce, bugun ƙofa ne."

Kunya ta kama ni. Na fita na nufi mashaya, amma a bakin ƙofarta ƙafata ta ƙi shiga. Na koma coci da la'asar, ba kowa, na faɗi a ƙasa ina ihu: "Ya Yesu, ko ka ba ni hannuna, ko ka ɗauki raina! Na gaji!"

Ina kwance, hannun damana yana kaɗa iska yadda ya saba kaɗa jita. Sai na lura da abin da na yi shekara goma sha biyu ina yi ban taɓa tunaninsa ba. Tsirkiyoyin jita ba sa kuka tare. In hannu ya sauka, mai kauri ce ke fara magana, siririya ta zo ƙarshe. In ya hau, sai su juya.

Na rage gudun fiyanon har ƙasa. Da yatsa ɗaya na riƙa saka tsirkiya bayan tsirkiya, sauka da hawa, har da ɗan jinkirin da nake yi kafin amshi. Mako uku waƙa ɗaya ta ci mini, kullum bayan tashi daga aiki. Ban tuna da kwalba ba.

Ranar Lahadi na danna maɓalli, mata suka ɗauki waƙa. Ba a kai amshi ba Mama Saratu ta juyo da fuskarta wajena, hawaye na zuba.

"Bitrus! Ɗana, hannun ya warke?"

Na ce, "Mama, bai warke ba."

Ta ce, "To wannan kaɗawarka ce, na san ta. Halleluya!"

Ga hannun nan, ku duba, har yau a sandare yake. Ni Yesu ya warkar. Shekara biyu ke nan ban sa giya a bakina ba. Godiya ta tabbata gare shi! Kai da ke kuka kan abin da ka rasa, kawo masa abin da ya rage. Ni yatsa ɗaya na kawo, kuma ya karɓa. Amin.