Sarƙar Inji da Tokar Balki

A tashar Madawa, wani mai albasa yana jiran mota ta cika, sai ya dubi hannun wanda ke shan shayi kusa da shi, baƙi ƙirin da mai.

"Malam, makanike ne kai?"

"A'a. Sarƙar injin Pijo tawa ce ta tsufa, tana kacau-kacau kamar tsakuwa cikin gwangwani. Na ce mi za ya kai ni garaji? Tsakar gida na sauya ta."

"Ai an ce akwai shaida bisa haƙoran. In ba ta dace ba, mota ba ta tashi."

"Shaidar ta goge, sai na sa tawa da alli. Na tahi masallaci, na komo, na iske mai ɗakina Balki ta darje ƙarafan da toka kamar tukunyar tuwo. Wai ba a barin ƙazanta gidanta!"

Mai albasa ya ƙyalƙyale da dariya. "To, ya ka yi?"

"Na yi bisimilla, na ɗaura da ido."

"Ta tashi?"

"Sosai, in an tura. Harbi guda ta yi kamar bindiga, jakin maƙwabci ya tsinke igiya."

"Allah shi kiyaye wanda za ya shige ta! Tana ina?"

"Ga ta can, wadda ɗan kamasho ya loda ma buhunan albasa."

"Albasata! In ta tsaya daji ruɓewa za ta yi. A sauke mani kayana!"

"Haba ɗan'uwa, zauna. Tun ɗazu nike duban ƙwanjinka. In ka sauka, wa za ya tura mu hawan Buza?"